Ɗigon Ruwa a Kan Ƙyalle: Kwana Goma a Kwarin Ave

Ruwan sama ne ya tarbe ni a Porto, yayyafi mai naci wanda ba ya ƙaruwa kuma ba ya ɗaukewa. An riga an gaya mini haka arewacin Fotugal yake da zarar Nuwamba ta kama, don haka na zo da rigar ruwa. Tudu ne ban yi lissafi da shi ba. Garin a kan gangare yake, ga jaka a baya, kafin in kai tashar jirgin ƙasa ta São Bento na jiƙe sharkaf, kuma ba ruwan saman ne ya jiƙa ni ba. Shi yana sauka a kan rigar ya dunƙule kamar tsakiya ya gangare ƙasa abinsa. Gumi ne ya yi mini wanka, don 'yar cikin da na sa ita ma foliyesta ce, ta ƙi shan ko ɗigo, ta manne mini a baya kamar leda. Na tsaya a zauren tashar ina kallon bangon da aka lulluɓe da tayil mai zanen shuɗi da fari, ina fifita da tikiti, sai dariya ta kama ni. Abin da ya taso ni daga uwa duniya ke nan, ga shi ashe tare muka taho.

Aikina gyaran yadi ne bayan an sauke shi daga masaƙa: wanki, rini, da ƙarasawa. Duk wanda ya taɓa wannan aiki ya san foliyesta da ruwa ba sa ga maciji. Auduga idan ka ajiye ta a ɗaki tana riƙe danshi kimanin kashi 7 zuwa 8 cikin ɗari na nauyinta, nailan wajen kashi 4, foliyesta kuwa ko rabin kashi ɗaya ba ta kaiwa. Daga nan sauran fitinun ke fitowa. Tartsatsin da kake gani idan ka tuɓe riga a duhu, maiƙon da ke kama wuyan riga ya ƙi fita, rinin da ba ya shiga sai an dafa yadin a tukunyar matsi har digiri 130. Ga shi kuma babu yadda za a yi da ita. Tun da masana sinadarai Whinfield da Dickson suka haɗa ta a Ingila a 1941 take ta cin ƙasa, yau fiye da rabin zaren da duniya ke samarwa ita ce. Na zo ne in gane wa idona wata hanya da na daɗe ina karantawa a takarda, wadda ake sa enzayim, irin sinadarin da halittu ke ƙerawa don narka abubuwa, ya ɗan ciji bayan silin zare don ya koyi shan ruwa.

Jirgin Guimarães, garin da na nufa, ya ɗauki awa ɗaya da 'yan mintoci. Daga Lousado layin ya kama gaɓar kogin Ave, can gaba ya koma ta kogin Vizela, kuma duk inda ka duba ta taga sai ka ga doguwar hasumiyar hayaƙi ta jan bulo. Wasu masana'antun tagoginsu sun farfashe, ciyawa ta fito a rufi, a gefensu kuma ga sababbin rumfunan ƙarfe da manyan motoci na lodi. Tun tsakiyar ƙarni na 19 ake kaɗi da saƙa a wannan kwari, kuma har yau tawul da zanen gado na daga cikin abin da aka san yankin da shi.

Ranar da na isa babu aiki, sai na shiga gari. Kowa zai nuna maka ganuwar da aka rubuta wa cewa nan aka haifi Fotugal, na gani, na wuce. Inda ƙafata ta tsaya shi ne unguwar Couros, tsohuwar majema, inda ramukan jima na dutse ke jere reras, ruwan sama ya cika su, gansakuka ta kama bakinsu. Na daɗe a wurin, don a wajen majema ne tarihin enzayim a masana'antu ya soma kankama. Da can da kashin kare ake tausasa fata, ba tare da an san cewa enzayim ɗin ƙwayoyin bakteriya da ke cikinsa ne ke yin aikin ba. A 1907 wani Bajamushe, Otto Röhm, ya maye gurbin ƙazantar da ruwan da ya tatso daga gaɓar nan ta dabba da ke fitar da sinadarin narka abinci. Fata dai aba ce mai rai a da, dole a sami abin da ke cin ta. Tambayar da ta fi wuya ita ce ta zaren da aka yi da man fetur, wanda bai kai shekara ɗari a duniya ba. Wa ya san hanyar cin sa?

Amsar na same ta washegari, a hannun farfesar da ta karɓe ni a ɗakin gwajinta. Tun kafin mu zauna ta fita tsakar ginin ta tsinko wani ganye mai kauri da sheƙi, ta ɗiga masa ruwa, ɗigon ya tsaya cak kamar yadda ya yi a kan rigata. Ta ce, "Injiniya, ka san da me aka yi wannan sheƙin?" (Can duk wanda ya karanci aikin injiniya da wannan laƙabi ake kiransa, har na saba.) Ban sani ba. Sunansa kutin, kuma shi ma wani irin foliyesta ne, tsiro ke ƙera shi don ya kāre ganye da 'ya'ya. Ƙullin da ya haɗa guntayensa, wanda ake kira esta, irin wanda ya haɗa guntayen foliyestar riga ne. Fumfunar da ke son shiga jikin tsiro dole ta huda wannan fata, saboda haka tana da makaminta, enzayim mai suna kutinas. An tace shi tun tsakiyar shekarun 1970 daga fumfunar Fusarium solani, wadda ke addabar wani nau'in wake. Daga baya aka sami danginsa a fumfunar Humicola insolens da bakteriyar Thermobifida fusca, masu son ɗumin juji. A 2005 masu bincike a Braunschweig ta Jamus suka nuna cewa na Thermobifida yana iya cin foliyestar roba.

Yana ci, amma da ƙyar, kamar mai cin tuwo da bakin da ba nasa ba. Kutin sarƙa ce mai laushi, foliyestar riga kuwa kowane guntu nata na ɗauke da wani zobe mai tauri, kuma bakin enzayim ɗin ya yi wa zoben ƙunci. Nan aikin gyara ya shigo. Ta buɗe mini hoton enzayim ɗin a kwamfuta tana jujjuya shi, wani dunƙule mai kama da wadarin da ya cukurkuɗe, da wani kwari a gefe guda. A cikin kwarin akwai amino asid uku, wato guntayen da aka gina enzayim da su, da ke yin yankan, a bakinsa kuma akwai wasu da suka tsaya kamar 'yan gadi masu ƙiba. A 2007 ƙungiyar Artur Cavaco-Paulo ta Jami'ar Minho, wadda ke da harabobi a Braga da nan Guimarães, ta buga sakamakon wani aiki da aka cire irin waɗannan masu ƙiba ɗaya bayan ɗaya. An canza umarnin da ke cikin ƙwayar gado yadda a gurbi na 182, maimakon liyusin mai reshe, za a sami alanin ɗan ƙarami. Ƙofa ta buɗe, enzayim ya ƙara kuzari a kan foliyesta da nailan. Amino asid ɗaya tak cikin kusan ɗari biyu. A Ostiriya kuma mutanen Georg Gübitz sun bi ta wata hanya, suka liƙa wa kutinas wani guntun furotin mai ɗanko a jela, don ya kama bayan zaren ya zauna maimakon ya yi ta yawo a ruwa. Akwai kuma hanyar da ba a tsaya lissafi: a yi dubban canje-canje barkatai, a gwada, a zaɓi wanda ya fi, a sake. Wannan ce ta ba Frances Arnold kyautar Nobel ta 2018.

Abin da na fi daɗewa ina juyawa a rai shi ne maganar girma. Mu a masana'anta da soda muka saba, irin ta dafa sabulu. A zuba foliyesta a ruwan soda mai zafi dab da tafasa, yadi ya yi laushi ya zubo kamar siliki. Mutanen Japan sun gwanance a wannan. Sai dai soda ba ta san iyaka ba, tana ɓare silin kamar ana feraye, tana barin ramuka, yadi ya rasa kashi goma ko ashirin na nauyinsa, ƙarfinsa ya ragu, ga ruwan dattin da za a yi ta fama da shi. Shi kuwa enzayim, duk da ido ba ya ganinsa, a duniyar sinadarai ƙato ne. Ba shi da hanyar kutsawa cikin silin. Kuma lokacin da ake jan zaren foliyesta a masana'anta, sarƙoƙinta suna miƙewa su jeru su matse, ta yadda sai a 'yan wuraren da suka saura a hargitse, a can waje, zai sami abin kamawa. Sai ya yanka sarƙar a tsakiya ya bar kai biyu, kuma dukansu biyun masu son ruwa ne. Nauyin da yadi ke rasawa yawanci ko kashi ɗaya bai kai ba. Ƙaton da ba ya iya shiga ɗaki, sai aka ba shi sharar ƙofar gida, kuma sharar ƙofar ce dama ake nema.

Rana ta uku aka ba ni almakashi da farin yadi. Na yayyanka ƙyallaye masu faɗin tafin hannu, na wanke su sosai don a fitar da man da ake shafa wa zare wajen kaɗi, na sa kowanne a ƙaramar tukunyar ƙarfe mai murfi da ruwan da aka daidaita tsaminsa, na ɗiga enzayim, wani ruwa mai launin shayi marar kauri. Tukwanen aka jera su a injin da ke juya su cikin ruwan ɗumi, aka bar su suka kwana. Da safe na ɗauraye, na shanya, na shimfiɗa su a kan tebur, agogo a hannun hagu, bututun ɗiga ruwa a dama.

A kan ƙyallen da ba a taɓa ba, ɗigon ya zauna ƙyam, yana ɗauke da hoton fitilar rufi a jikinsa. Na ƙirga minti guda, biyu, bai motsa ba. Na matsa kan wanda ya sha enzayim. Ɗigon ya sauka, ya yi kamar zai tsaya, sai gindinsa ya baje, ya lotsa, ya ɓace ya bar wani da'ira mai duhu da ke ta faɗi. Ban san lokacin da na ce "Allahu akbar" da ƙarfi ba. Na maimaita sau biyar, na rubuta lambobin da babban baƙi, na nufi ɗalibar da aka haɗa ni da ita, wadda ke karatun digiri na uku, ina tafe kamar wanda ya ci gasa.

Ta duba takardar ta ce, "Ina na mataccen?"

Na ce wane matacce? Ta buɗe aljihun tebur ta fito da wani ƙyalle nata. Shi ma ya kwana a tukunya, amma da enzayim ɗin da aka kashe da gangan, aka canza ɗaya daga cikin amino asid ukun nan masu yanka, ta yadda ko ƙulli ɗaya ba zai iya tsinkawa ba. Ta miƙa mini bututun. Na ɗiga. Ruwan ya shige kamar a kan auduga.

Murna ta koma ciki. Ashe enzayim furotin ne, furotin kuwa yana manne wa foliyesta kamar ƙaya a gashin tunkiya, kuma shi kansa mai son ruwa ne. Abin da na auna duka gawar enzayim ce da ta lulluɓe zaren, ko ya yi yanka ko bai yi ba. Ta ce kar in ji kunya, wannan rami ne da ya daɗe yana cin masu bincike, shi ya sa yanzu ba a yarda da sakamako sai an nuna cewa an fitar da furotin ɗin. Muka koma baya. Wanki da sabulu mai zafi, sannan aka sa wani enzayim daban, mai cin furotin, ya cinye ɗan'uwansa, sannan wani wankin. Kwana biyu ya ci. Da na sake ɗigawa, ƙyallen mataccen ya koma gidan jiya, ɗigo ya zauna ƙyam. Nawa kuwa ya sha ruwan, sai dai a hankali, ba da rawar jikin farko ba. Wannan ragowar ita ce ta gaskiya.

Hujjar da ta fi kwantar mini da hankali ta ido ce. Akwai wani shuɗin rini da ba ya kama foliyesta sam, amma yana kama irin kan sarƙar da enzayim ke bari idan ya yanka. Muka tsoma ƙyallayen uku a ciki muka ɗauraye. Biyu suka fito kusan fari fat. Na uku ya fito da shuɗi mai haske, kamar sararin sama da hantsi, bai-ɗaya daga gefe zuwa gefe. Ruwan da ya rage a tukunya ma an auna shi da na'urar haske, aka ga ɓurɓushin asid ɗin da aka gina foliyestar da shi, shaidar cewa an yi yanka.

Nailan da akirilik ban taɓa su da hannuna ba, bayani kawai aka yi mini. Ƙullin nailan ɗan'uwan na furotin ne, don haka ana gwada masa enzayim masu cin furotin, kuma tun 1975 aka sami bakteriya a ruwan dattin wata masana'antar nailan a Japan da ta koyi cin ɓurɓushinsa. Akirilik kuwa ba a ma yanka sarƙarsa, wani ɗan reshe da ke gefe ake juyawa ya zama mai son ruwa da rini, amoniya ta fita.

Wata yamma na tambayi farfesar me ya sa labarin da ke fita a jaridu kullum na enzayim mai cinye kwalbar roba ne, ba a jin na yadi. Ta yi murmushi ta ce dangi ɗaya ne, aikin ne ya raba su. A 2012 aka sami wani kutinas a takin ganye a Osaka. A 2016 aka bayyana bakteriyar Ideonella sakaiensis, daga wurin tara kwalaben roba a Sakai. A Leipzig ma an tono wani daga tarin takin wata maƙabarta. A 2020 kamfanin Carbios na Faransa da masu bincike a Toulouse suka canza amino asid huɗu a jikin na Osaka, biyu daga ciki don su ɗaure shi ya jure zafi, ya narkar da kashi 90 na robar da aka ba shi cikin awa goma, kuma a 2021 suka buɗe masana'antar gwaji a Clermont-Ferrand. Su so suke a cinye duka, shi ya sa suke narka robar su sanyaya ta da sauri don sarƙoƙin su hargitse, su niƙa ta, su yi aiki a wajen digiri 70 inda foliyesta ke fara saki. Mai yadi kuwa lasa yake so. Ta ce kuɗi da hankali sun koma can, amma ba ta baƙin ciki, don duk enzayim mai ƙarfi da jure zafi da suka ƙera, masu gyaran yadi na iya aro su rage masa lokaci.

Ranar Juma'a ta ƙarshe aka kai ni wata masana'antar rini a wajen Famalicão. Warin wurin na san shi, tururi da asid da jiƙaƙƙen yadi, har na ji kamar na dawo bakin aiki. Wanda ya zaga da ni dattijo ne mai furfura, shugaban ma'aikatan rini, hannayensa duk tabon tururi. Enzayim ba baƙo ba ne a wurinsa. Ya nuna mini jarkoki a jere: wannan na cire sitaci daga sabon yadi, wannan na aske gashin auduga don kar ta yi ƙuraje, wannan na kashe ragowar sinadarin farantawa kafin a zuba rini. Duk na auduga ne. Ya ce yana yaro kogin da ke bayan ginin kowace rana da launinsa, yau ja gobe shuɗi, sai daga baya aka gina matatun ruwa, kuma yanzu duk abin da zai rage masa soda a magudana yana maraba da shi. Ya kai ni gindin wata tukunyar rini da aka buɗe, ya shafa cikinta da yatsa ya nuna mini wata farar hoda. Ita ce 'yan guntayen sarƙa da ke fitowa daga cikin foliyesta idan ta sha zafi, su manne a injin da jikin yadi su dusashe launi. Na ce masa kutinas na cin wannan ma. Ya ɗaga gira.

Sai na fito da ƙyallayena daga ambulan. Ya sa tabarau, ya murza shuɗin tsakanin yatsu, ya ja shi ta tsawo da ta faɗi yana sauraren ko zai yi ƙara. Ya tsoma yatsa a kofin ruwa ya ɗiga, ya tsaya yana kallo har ɗigon ya shige.

"Awa nawa?" ya ce.

Na ce ya kwana.

Ya yi dariya har da tari. Ya nuna mini dogon injin busarwa da yadi ke gudu a ciki, ya ce akwai sinadarin da yake zubawa a kwamin da ke bakin injin nan, yadi ya ratsa ta ciki cikin ƙiftawar ido, ya fito yana shan ruwa fiye da nawa. Na ce, "Amma ranka ya daɗe, naka shafe ne, bayan wanki kaɗan ya tafi. Wannan zaren ne da kansa ya canza." Bai musa ba. Ya ce mai saye a kanti yake taɓa yadi, ba bayan wanki ashirin ba, kuma tukunyar da ta kwana da kaya ɗaya ta hana kaya biyar shiga. A raina na ba shi gaskiya rabi, don ni ma na san yadda ake kallon agogo a ɗakin rini. Ɗaya rabin na riƙe, saboda gumin São Bento bai gama bushewa a zuciyata ba.

Da za mu rabu na miƙa hannu in karɓi ƙyallen, sai ya noƙe. Ya je jikin allon da ke gefen tukunya ta uku, inda ake liƙa jadawalin aiki da samfurin launuka, ya zaro fil ya soke shi a kusurwa. Ya ciro biro daga aljihun gaba ya rubuta kwanan wata a gefensa.

"Injiniya," ya ce, "ka gaya wa farfesa, ranar da ya sauko minti arba'in ta kira ni. Wannan tukunyar zan ba ta."